Tambayoyin Masu Karatu: Mota Ta Daɗe a Ajiye, Ta Ƙi Tashi

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke: an ajiye mota, wata makonni, wata shekaru, an zo tayarwa ta ƙi. Bakanike da mai wayarin da ke duba wasiƙun wannan fili a nan Kaduna ne suka haɗu suka ba da amsa. Mun taƙaita tambayoyin, amma mun bar alamomin da kowa ya ji ko ya gani, domin daga su ake gane inda ciwon yake.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tafi aikin Hajji na bar motata lafiya lau. Da na dawo bayan kwana 40 na murɗa makulli, sai ƙara nake ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri, fitilun dashbod suna ƙyaftawa, injin kuwa ko motsi bai yi ba. Batirin bai cika shekara 2 ba. In sayi sabo ne?
Alhaji, daga Unguwar Rimi

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, barka da sauka, Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Kada ka sayi komai tukuna. Wannan ƙarar mai sauri tana nufin wutar da ke isa ga kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ba ta ishe shi ba. Ɗan maganaɗisun da ke kan kik yana tura haƙori ya kama inji, da ya kama sai kik ya nemi wuta mai yawa, batir ya gaza, maganaɗisun ya saki, ya sake kamawa, ya sake saki. Ke nan ko dai batirin ya sauka, ko kuma yana da wuta amma kan batirin ba ya barin ta wuce.

Saukarsa ba abin mamaki ba ce. Mota ko a kashe take tana shan wuta kaɗan-kaɗan: agogo, rediyo, birenbos (wato kwamfutar mota), da ƙararrawar ɓarayi ko na'urar bin sawu in an ƙara mata. A mota mai lafiya wannan shan bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. To ko a hakan ma, a kwana guda amfiya-awa 1.2 ta tafi, a kwana 40 ya kama 48, batirin ƙananan motoci kuwa yawanci tsakanin 60 ne da 75. Ga shi kuma batir yana zubar da caji da kansa, zafi na ƙara masa saurin zubarwa.

Fara da kan batir. In ka ga farin gari ko kore-kore, ko kuma kan yana juyawa in ka murɗa shi da hannu, a nan za ka soma. Kwance baƙin kai mai alamar − da fari, sannan jan mai alamar +. Sifana mai lamba 10 ce ke kwance yawancinsu. Dama cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwan ɗumi ka wanke, ka goge da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ka mayar da ja tukuna sannan baƙi, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris a kai.

Sai a sa mita. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In 12.2 ne, rabi ya rage. Ƙasa da 12 ya sauka sosai. A kai shi wurin mai caji, amma ka gaya masa cajin hankali kake so: batir mai amfiya-awa 60 a ba shi amfiya 6 na awa 10 zuwa 12. Cajin gaggawa na awa ɗaya ko biyu yana dafa farantan ciki. In mai murafu ne kuma ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara har ya rufe farantan. Kada ka yarda a juye ruwan a zuba sabon asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Bayan caji a ɗaura shi, mita na kai, a murɗa makulli. In ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 lokacin da kik ke juyawa, batirin ya gama aiki, a nan ne sayen sabo ya wajaba. Batirin da ya yi makonni a sauke, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, shi ya sa wani ko an yi masa caji ba ya riƙewa.

In jona batir za a yi da wata mota, ga tsarin: jar waya a + na mataccen, ɗaya bakinta a + na mai rai, baƙar waya a − na mai rai, ɗaya bakinta a wani ƙarfe mara fenti a jikin injin motarka, nesa da batir, saboda batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A bar mai ran tana aiki minti 5 kafin ka gwada. Da ta tashi, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, shi ne alamar altaneta, na'urar da ke cika batir in inji na aiki, na caji.

Akwai al'adar da muke roƙon a daina: a tayar da mota da batirin aro, a cire shi inji na aiki a mayar da na mai motar, ko a zare kan batir wai don a ga ko altaneta na caji. Batir ne ke danne hauhawar wuta. In babu shi, wutar na iya ƙona altaneta ko birenbos, kuma kuɗin birenbos ya ninka na batir.

Tambaya: Motata mai giyar otomatik ta yi wata 3 a ajiye. An sa mata batir mai caji, fitilu tar, hon na tashi, amma in na murɗa makulli shiru, wani lokaci ƙat guda ɗaya. Yara sun ce a tura ta. Ya halatta?
Hajiya, daga Barnawa

Amsa: Hajiya, a bar maganar turi. Mai otomatik ba ta tashi da turi, wahala kawai yaran za su sha, kuma jan ta da wata mota da gudu yana lalata giya.

Ki taka birki, ki mayar da giya N maimakon P, ki gwada. Akwai wani ɗan makunni a jikin giya da ke hana kik aiki in bai tabbatar motar na P ko N ba, kuma zama yakan sa ya yi datti. In ta tashi a N, shi ne. Ki kuma duba dashbod: in hoton makulli ko na kwaɗo yana ta ƙyaftawa, motar ba ta gane makullin ba, sai a gwada ɗayan.

In ba wannan ba ne, a kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba yana kallo, ki murɗa. In hasken bai rage ko kaɗan ba, wuta ba ta isa ga kik: a duba fiyus da rile (ɗan makunnin lantarki) na kik a akwatin da ke cikin bonet, da siririyar wayar da ta shiga maganaɗisun. In hasken ya dusashe ƙwarai, wutar na zuwa amma wani abu ya riƙe: ko wayar at, wato baƙar wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji, ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta, ko kik ya cije, ko shi kansa injin. Ƙat guda ɗayan nan ya fi nuni ga gawayin cikin kik da ya maƙale saboda danshi. A ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma, ba da ƙarfi ba, yayin da kike riƙe da makulli a murɗe. In ta tashi, kada a ɗauka an gama. A kai wa mai wayarin ya buɗe ya canza gawayin, ƙaramin aiki ne.

Tambaya: Tawa mai injekta ce, ta yi wata 8 a tsaye da ɗan fetur kamar kwata na tanki, damina duk ta wuce a kanta. Injin yana juyawa da ƙarfi amma ba ya kamawa. Na riga na canza filogi da kwayil, ba ta sauya zani ba. An ce in sayo birenbos.
Malam, daga Rigasa

Amsa: Malam, tsaya haka nan da saye. Canza kaya a kan zato shi ke cinye kuɗin masu tsofaffin motoci, kuma birenbos ba ya cikin abubuwan da zama ke saurin kashewa. Ka kuma rage murɗa makulli: daƙiƙa 10 ta isa a kowane gwaji, a huta minti guda, in ba haka ba kik zai ƙone.

Inji mai juyawa yana buƙatar mai, da tartsatsi, da iska. Ga yadda za a gane wanda ya ɓace ba tare da an sayi komai ba. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka kai ga kik. Fitilar hoton inji dole ta kama. In ba ta kama ba, wuta ce ba ta isa birenbos, sai a bi fiyus da babban rile. A daidai wannan lokacin wani ya kasa kunne a bakin tanki ko ƙarƙashin kujerar baya: famfon mai zai yi zuuu na kamar daƙiƙa 2 ya tsaya. In shiru, a duba fiyus ɗinsa, a musanya rile ɗinsa da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na hon. In har yanzu shiru, a bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ana murɗa makulli. Famfon da ya daɗe a tsohon fetur yakan cije, bugun kan sake shi na ɗan lokaci.

Gwaji na biyu ya fi kowane saurin raba gardama. Cire babban tiyon iska, fesa feshin wanke kafireto na daƙiƙa ɗaya ko biyu a bakin totur, mayar da tiyon, ka murɗa. In ta kama ta yi daƙiƙa biyu ta mutu, tartsatsi lafiya yake, mai ne ba ya zuwa ko kuma ya lalace. Kada a tsiyaya fetur daga gora a wurin, kada kuma wani ya sa fuska kusa. Inji kan yi atishawar wuta ta baya, kuma ta haka motoci ke ƙonewa a gareji.

Mu dai fetur ɗin muka fi zargi. Daga wata 3 zuwa 6 yake fara lalacewa, a ƙasa mai zafi ma ya fi sauri. Sashensa mai saurin kamawa da wuta shi ke fara tashi ya bi iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi danƙo, ya toshe ragar famfo da bakin nozul. Tankin da kwata kawai ke ciki kuwa, sauran duk iska ce mai danshi. Da dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa a bangon tanki ta gangara ƙasa, kuma daga ƙasa famfo ke zuƙa. Ɗebi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti 10. Fetur mai kyau garau yake. Wanda ya lalace ja-ja ne, warinsa irin na tsohon fenti, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa da layi a tsakaninsu.

In haka ne, a juye shi duka ta wurin da famfo ke zama, da ƙaramin famfon hannu, ba da baki ba, a fili, nesa da janareto da masu shan taba. A haska cikin tankin da tocila a ga ko akwai tsatsa. A canza ragar famfo da filtar mai. A zuba sabon fetur lita 10 zuwa 15 daga gidan mai, ba na 'yan bumburutu ba, don kada a ƙara wani zargin a kan wanda ake ciki. Sannan a murɗa makulli zuwa fitilu a mayar, sau 5 ko 6, layin ya cika. A irin waɗannan motocin ƙarfin turin mai yana kusan bar 3 a geji (bar ma'aunin ƙarfin turi ne). Famfo na iya yin ƙara alhali ba ya kai hakan, don haka a auna kafin a yanke masa hukunci. In turin ya kai amma filogi na fitowa a bushe, nozul ne suka toshe, a cire a wanke.

In kuwa feshin bai sa ta ko tari ba, koma kan tartsatsi. Cire filogi ɗaya, sa shi a wayarsa, jingina gindinsa da ƙarfen inji da filaya mai roba, nesa da ramin da ya fito, a murɗa. Shuɗin tartsatsi mai ƙara ake nema. In babu a kowane filogi, bi wayoyi da ido da hannu, musamman wadda ta gangara wurin sensar da ke karanta juyawar inji. Ɓera na son ɗumin bonet a damina, kuma siririyar waya ɗaya da ya ciza ta isa ta hana tartsatsi da mai gaba ɗaya. Kashinsa ko tarkacen da ya tara a akwatin filtar iska su ne shaida. In filogin ya fito jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa saboda yawan gwaji: busar da su, mayar, taka totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504. Shekara 4 ke nan tana ƙarƙashin bishiya a ƙofar gida. Muna so mu tashe ta. Daga ina za mu fara?
Ɗan'uwa, daga Tudun Wada

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Kun yi dabara da kuka tambaya kafin ku ɗaura batir, domin a motar da ta yi shekaru, murɗawar farko ce ke yin ɓarnar da ta fi tsada. Ita 504 ba baƙuwa ba ce a garin nan. A Kakuri aka riƙa harhaɗa ta tun 1975, masu gyaranta suna nan, kuma ana samun kayanta a Panteka. Injinta mai sauƙi ne, yana jure zama in aka bi shi a sannu.

Ranar farko ba ranar makulli ba ce. Zaro sandar gwajin baƙin mai: in ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai bakanike ya nemo ta inda ya bi kafin a ci gaba. Buɗe lagireto a ga ruwa da tsatsa. Matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage a canza, haka ma fanbel. Buɗe gidan filtar iska a kwashe abin da ɓera ya tara. Leƙa bakin salansa, domin zanzaro kan gina ɗakinsa a ciki, kuma injin da ba ya fitar da hayaƙi ba ya tashi.

Sai filogi. Sa wa wayoyin alama da lamba kafin ka zare, don kada a rikita su. Hure ƙurar da ke gefen kowane filogi kafin a kwance. A kowane rami zuba baƙin mai cokali ɗaya na cin abinci, a bar shi ya kwana. Dalili kuwa, a shekara 4 man da ke jikin silinda ya gama tsiyayewa, zoben fistin na iya mannewa da tsatsa, in kik ya fizge shi a bushe sai zoben ya karye ko ya karce bango. Washegari a sa giya a firi, a kama notin babbar fulin da ke gaban inji da soket da dogon hannu, a juya a hankali ta inda inji ke juyawa, zagaye biyu cikakku. In ya juya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, kada a sa ƙarfi, kada kuma a ɗaura mata igiya a ja ta a cikin giya. A cika ramukan da man giyar otomatik ko man gas, a ba shi kwana 3 zuwa mako, kullum ana ɗan gwada shi gaba da baya. Wanda ya ƙi bayan haka sai an buɗe kansa.

Da ya juya, a juye tsohon baƙin mai, a sa sabo kimanin lita 4 da sabuwar filta. A ɗaura batir, filogi na waje, a cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, a rufe ramukan da tsumma, a ba kik daƙiƙa 10 sau biyu ko uku har jar fitilar mai ta mutu. Yanzu mai ya zagaya ko'ina.

Tankin kada a amince da shi. A zare tiyon da ke shiga famfon mai na jikin inji a tsoma shi a ƙaramar jarka mai sabon fetur, a ajiye ta a ƙasa nesa da batir. Wannan famfon da fatar roba yake aiki, zama na busar da ita. In ta tsage, ko dai mai ba zai hau ba, ko ya zurare cikin baƙin mai, za ka ji warin fetur a sandar gwaji. Kafireto kuwa a sauke shi a buɗe. Fetur ɗin da ya bushe a kwanonsa ya bar danƙo a kan allurar da ke tsayar da mai da kuma cikin jet. A jiƙa, a wanke da feshi, a hure da iska. Kada a zura waya a ramin jet. Da ya faɗaɗa ko kaɗan, motar ta shiga shan mai ke nan har sai an canza shi.

Ta fannin wuta, buɗe hular distiributa, a goge danshi da koren da ke kan ƙarafunta, a duba ko ta tsage. Bakin kontak yakan yi tsatsa. A goge da lallausar sanfefa, a daidaita buɗewarsa a milimita 0.4, ko ma a sa sabo da kondensa tunda ba su da tsada. Bakin filogi 0.6 zuwa 0.7. A ja cok, a taka totur sau biyu, a murɗa. Za ta yi shuɗin hayaƙi na 'yan mintoci saboda man da aka zuba, wannan ba komai. Abin sa wa ido shi ne jar fitilar mai: in ta wuce daƙiƙa 5 ba ta mutu ba, a kashe nan take. A bar ta a silo har ta yi zafi, ana duba allurar zafi da ƙarƙashin mota, ba a zuga ta.

Injin fetur na 504 da sarƙa yake aiki, don haka ba ku da damuwar taimin bel. Masu motocin da ke da bel kuwa, in ta yi shekaru haka a tsaye, a canza shi kafin a tayar, domin roba na tsufa ko ba a mora ba, kuma a injuna da yawa in ya tsinke fistin na dukan bawul.

Tashin inji ba shi ne izinin hawa titi ba. Man birki yana shan danshi, a juye shi duka a sa sabo, a buɗe kowace ƙafa a duba robobi da tiyo. In kuloci ya ƙi raba giya, farantinsa ne ya manne da tsatsa. Taya kuwa a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Wadda ta haura shekara 6, ko gefenta ya tsattsage, ba ta hanyar Zariya ko Abuja ba ce ko da zanenta bai goge ba.

Tambaya: Ruwan kogi ya shigo unguwarmu a watan Satumba, ya kai kujerun motata da ke ajiye. Yanzu ta bushe. In gwada ta?
Mai karatu, daga Kabala

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Kada ka murɗa makulli, ko sau ɗaya. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In akwai ko rabin kofi a kan fistin, kik zai tura shi ya lanƙwasa sandar fistin, daga nan sai sauke inji. Cire kan batir. Duba filtar iska, in a jiƙe take ko da laka, ɗauka ruwa ya shiga ciki. Cire filogi duka, a juya injin da hannu, sannan da kik in an mayar da batir, ruwan ya fito ta ramukan. A canza baƙin mai da filta, a sake canzawa bayan ta yi aiki na ɗan lokaci. A duba man giya da na difaren, wanda ya yi fari-fari a juye. A gwada fetur a kwalba kamar yadda muka gaya wa Malam na Rigasa. A ɗaga kafet, domin soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa makonni, kuma a motoci da yawa nan wayoyi suka bi, wasu ma birenbos na kusa da wurin ƙafa. Mai wayarin ya zare kowane soket da ruwa ya taɓa, ya wanke, ya busar, kafin a mayar da batir.

Tambaya: Motar ɗaukar kaya ce mai shan gas, ta yi wata 2 a tsaye, tana juyawa ba ta kamawa.
Direba, daga Mando

Amsa: Mai gas ba ta da filogin tartsatsi, kuma babban abokin gabarta iska ce a layin mai. In tiyo ya ɗan tsufa, zama na sa man ya koma tanki iska ta maye gurbinsa. A kan filtar mai akwai ɗan famfon hannu: sassauta notin fitar da iska, yi ta dannawa har mai ya fito babu kumfa, ɗaure, ci gaba har famfon ya yi tauri. A ƙasan filtar akwai wurin tsiyaye ruwa, buɗe shi ma. A tsofaffin injuna ana sassauta notin bututun nozul a ba kik har mai ya tsarto. A sababbi masu birenbos ba a yin haka sam, turin ya haura bar 1,000, yana huda fata. In da sanyin hunturu ne, jira fitilar hita ta mutu kafin ka murɗa, ka kuma sa a gwada filogin hita ɗaya bayan ɗaya. Batir ya zama cikakke, domin mai gas sai ta juya da sauri take kamawa. Kada a ba ta fetur ta bakin iska.

Tambaya: Zan tafi kwas na wata 6. Yaya zan ajiye motata? Ƙanena ya ce zai riƙa tayar da ita minti 5 kowace safiya.
Malama, daga Malali

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'a. Tayin ƙanenki na alheri ne, amma minti 5 a tsaye ya fi cutarwa. Wutar da kik ya ci ba ta gama dawowa, injin bai yi zafin da zai kori danshi ba, sai ruwa ya riƙa taruwa a salansa da cikin baƙin mai. In zai iya, ya fita da ita kan titi minti 20 zuwa 30 duk mako biyu, ya taka birki, ya kunna esi, ya ƙara sabon fetur in ya ragu. Wannan ya fi komai.

In babu mai tuƙawa, a canza baƙin mai kafin tafiya, a cika tanki don iska mai danshi ta rasa wuri, da kin dawo kuma a gwada fetur ɗin a kwalba kafin a tayar. A cire baƙin kan batir, a riƙa kai shi caji duk wata 2. In rediyon mai lambar sirri ne, ki nemo lambar tun yanzu. Kada a ja birkin hannu, yana mannewa. A bar ta a P ko a giya, a sa wa tayoyi waigi da katako. A ƙara wa kowace taya iska kamar 5 a gejin mai faci. A ajiye ta a kan siminti a inuwa, ba kan ciyawa ba, ba kuma kusa da buhunan hatsi ba. A share duk wani ɓurɓushin abinci a ciki. In za a rufe, da yadi mai shan iska, ba leda ba. A toshe bakin salansa da bakin shigar iska da soson ƙarfe na wanke tukunya saboda ɓera da zanzaro, a rubuta hakan a takarda a manna a sitiyari don wanda zai tayar ya cire su tukuna.